Waken da ke Jiran Alƙali

Ni ba 'yar sanda ba ce, ko da yake duk unguwarmu haka aka ɗauka. Farar hula ce ni, ba kaki ba igiya a kafaɗa. Aikina tsaron ɗakin kayan shaida da ke bayan ofishin 'yan sanda. Duk abin da aka kama a hannun wanda ake zargi ni ake kawo wa, in karɓa, in ɗaure, in buga hatimi, in ajiye har ranar da kotu za ta nema. 'Yan sandan suna kirana Uwar Kaya. Da farko ina jin haushin sunan, yanzu ko a kasuwa aka kira sai na waiga.

Ɗakin dogo ne, taga ɗaya gare shi, ita ma can sama kusa da kwanon rufi, an gindaya mata ƙarafa. Ga adduna, ga wayoyin da batirinsu ya kumbura, ga janareto, ga kekunan ɗinki, ga wata ƙofar mota da na tarar a wurin, wanda ya kawo ta ma ya yi ritaya har ya rasu. Doka ɗaya ce ke riƙe da aikin: yadda abu ya shigo haka zai fita. Ba a wankewa, ba a gyarawa, ba a shafa mai. In riga ta zo da jini, da jininta za ta tsufa. Ka yi shekara da shekaru kana kallon kaya suna lalacewa a gabanka, hannunka a naɗe, a ƙarshen shekara a ce ka yi aiki mai kyau. Irin gajiyar nan barci ba ya maganinta.

Ƙarshen rani ne Saje ya shigo da buhun. Saje shi ne ɗan sandan da ke binciken ƙananan sace-sace, mutum ne mai tumbi da yawan nishi, ko biro ya ɗauka sai ya ce wash. Ya dire buhun a gaban kantata, rabin buhu ne na wake, gefensa da faci da aka ɗinka da koren zare.

"Uwar Kaya, ga baƙo na kawo miki. An sace shi a ɗakin wani tsoho, ɓarawon ya yi layar zana, amma mun sami kayan a shagon wani mai awo. Shi za mu gurfanar, karɓar kayan sata."

"Abinci kuma? Ai ka san ba a ajiye min abin da ke lalacewa."

"Busasshen wake ne fa, ba tumatir ba. Ke dai rufe."

Na naɗe bakin buhun da salatif, na buga hatimi, ni da Saje muka sa hannu a kai. Daga wannan lokaci ba mai ikon buɗe shi sai a gaban alƙali, ko ranar da za a miƙa shi ga mai shi. Na ja shi na jingina tsakanin janareto da wasu tayoyi, na manta da shi.

Ranar kasuwa mai shi ya zo. Tsoho ne siriri, wuyansa duk jijiya, ya jingina kekensa a gindin katanga, ya cire takalmi a bakin ƙofa kamar zai shiga ɗakin sirikai. Ya gaishe ni gaisuwa mai tsawo, ya tambayi gida da yara da aiki, sannan ya ce an gaya masa wakensa yana hannuna.

"Yana nan, Baba, amma sai an gama shari'a."

"To, 'yata. Yaushe ake gamawa?"

Tambayar da ba wanda ya taɓa ba ni amsarta ke nan, ni kuma kullum ni ake yi wa. Na ce masa Allah ne masani. Na ƙara da cewa in ci ne ya dame shi, ai kasuwa cike take da wake.

Ya yi murmushi. "Ba na ci ba ne. Iri ne."

Ya zauna a kan bencin da ke gaban kanta ya yi min bayani, ba tare da na tambaya ba. Waken na matarsa ne, ita ma a wurin mahaifiyarta ta gada. Ja ne mai ɗigon fari, yana nuna da wuri, ko ruwa ya ɗauke bai kai ƙarshe ba shi ya riga ya yi 'ya'ya. Duk kaka ita ke zama ta zaɓi na iri da hannunta. Bara ta zaɓa, ta ɗinke buhun da kanta, ta rasu ba ta ga wata damina ba. Ya ce bayan satar ya bi duk gidajen da ta taɓa ba su, wasu sun cinye, wasu sun gauraya da wani, yawanci sun koma irin kamfani.

"Wannan da ke bayanki shi kaɗai ya rage," in ji shi. "In bai shiga ƙasa bana ba, shi ke nan."

Ya ciro wata leda daga aljihu ya ɗora a kan kanta. Toka ce da busasshen barkono. Ya ce ba ya neman a ba shi buhun, shi dai in taimaka in buɗe in zuba wannan in jujjuya, saboda ƙwari. Marigayiyar takan sake masa toka in zafi ya shigo, ɓarawon kuma ya zo kafin shi ya yi.

Na nuna masa hatimin, na yi masa bayani da sauƙi iyakar iyawata. In na buɗe, lauyan mai shago zai ce an canza kaya, shari'ar ta rushe, ni kuma aikina ya tafi. Ya saurara yana gyaɗa kai, ya mayar da ledarsa aljihu, ya yi godiya. Na fi son masu zagi. Mai zagi kana iya rufe masa taga ka ci gaba da harkarka.

Da na koma gida na tarar da Inna, mahaifiyata, a tsakar gida tana tsefe wa ƙaramar 'yata kai. Tun da ƙafa ta hana ta gona take zaune a wurinmu, ba abin da take jira kamar in dawo ta ji wa aka kama yau. Na ba ta labarin tsohon.

"Ku dai ma'aikatan nan," ta ce, ba ta ko ɗago ba. "Wake ai rai gare shi. Ku kulle mutum, ku kulle adda, har iri ma sai kun kai shi gidan yari?"

"Inna, doka ce."

"Dokar ta hana rana shiga ɗakin naki? Ki riƙa shanya shi da buhunsa. Ƙwaro ba ya son zafi."

Maigidana yana gefe yana gyara fitilar babur, ya ce shi dai a taimaka kada a wayi gari a ce matarsa ta fara noma a ofishin 'yan sanda.

Fitar da buhun tsakar ofis ba ya yiwuwa sai da izini. Na je wurin Oga, shugaban ofishin, na roƙa ko a ɗauki hoton kayan a sallami tsohon, tunda doka ta yarda da haka a kan abin da ke lalacewa. Ya ce mai shago ya rantse saye ya yi a wurin manomi, tsohon kuma da facin koren zare ya gane kayansa, don haka buhun nan da abin da ke ciki alƙali zai gani da idonsa. Ya ce kuma busasshen wake ba ya cikin abin da ke lalacewa. Na ce ranka ya daɗe, ƙwari fa? Ya ce in sun zo in rubuto masa.

Sai na koma ga abin da nake da iko da shi. Kafin azahar rana takan shigo ta tagar nan ta sama, ta sauka a ƙasa faɗin tabarma, ta yi ta rarrafe har ta hau bango. Kullum sai in ja buhun in kai shi wurin, in riƙa matsar da shi yana bin hasken, in juya shi gefe da gefe. Na kawo babbar leda daga gida na zura shi ciki na ɗaure, don an ce in ba iska ƙwarin mutuwa suke. Ɓeraye suka huda ledar tun a makon farko. Bayana ya fara ciwo, Saje ya ce Uwar Kaya ta sami ɗan goyo.

Wata rana da tsaka, ofis ya yi tsit, janareton ofis ya mutu, ina zaune ina fifita da kwali, sai na ji wani ƙaramin motsi, kamar ana murza busasshiyar takarda a hankali. Na ɗauka ɓera ne. Na bi sautin har gaban buhun, na kara kunne. Daga ciki yake fitowa, ko'ina a ciki.

Tsohon bai fasa zuwa ranar kasuwa ba. Ranar da ya zo bayan wannan, na rasa yadda zan gaya masa, sai na jawo buhun kusa da ƙofa na ce ya gani daga nan. Ya durƙusa a bakin ƙofar, bai tsallaka ba, ya karkatar da kai. Ya daɗe a haka.

"Sun fara," ya ce.

"Ina shanya shi, Baba."

"Na gani, 'yata. Allah ya biya ki."

Shari'a kuwa ta kama tafiyar hawainiya. Zama na farko lauyan mai shago bai zo ba. Na biyu aka ce alƙali ya tafi taro. Na uku muka ɗora buhun a bayan mota ni da Saje, muka wuni a farfajiyar kotu, ba a kai ga kiran ƙararmu ba aka tashi, muka dawo da shi. A hanya tsohon yana bin motar da ido daga kan kekensa. Ban ɗaga masa hannu ba, kunya ta hana ni.

Sannan ruwa ya sauka. Na farko ya kwantar da ƙura, na biyu ya jiƙa ƙasa sosai, aka ce ruwan shuka ne. Duk wanda ka gani a hanya da safe da fartanya a kafaɗa yake. Inna takan leƙa sama ta ce, "Mutuminki fa?" in ce yana nan. Na daina ba ta labari, ita kuma ba ta daina tambaya ba. A ofis gari ya fara zubowa ta saƙar buhun, in na ja shi sai ya bar layi a ƙasa, kuma ya daina yi min nauyi kamar da.

Mako guda tsohon bai zo ba. Na ce ko rashin lafiya ne, ko ya haƙura. Ban san wanne na fi so ba.

Sai ga shi ranar da ba ta kasuwa ba, ya yi aski, ya sa wankakkiyar riga, ya naɗo igiyar roba a bayan keke, yana ta murmushi. Rabon da in ga haƙoransa tun zuwansa na farko.

"'Yata, na zo ɗaukar kayana. An gama."

"An yanke hukunci?"

"A'a, na janye ƙarar. Wani bawan Allah mai rubuta wa mutane takarda a ƙofar kotu ya ba ni shawara. Ya ce in ba shari'a ai ba a bukatar shaida. Na ce ni dama ba ɗaurin kowa nake so ba, na yafe. Alƙali ya sa hannu jiya."

Da ni ya tambaya da na riƙe masa riga. Amma wa ke shawara da mai tsaron sito? A wannan aikin, in shari'a ta mutu ba a ce ga mai gaskiya ba, kaya hannun da aka karɓe su suke komawa. Ba a ɗakin tsoho aka kama buhun ba, a shago aka kama shi.

Ina cikin neman bakin da zan fara, Saje ya shigo da umarnin kotu a hannu, bayansa ga mai shagon. Matashi ne kakkaura, fuska a murtuke, yana kaɗa makullin babur a yatsa. Saje ya ajiye takardar, ya kauce wa idona, ya ce a miƙa wa wannan kayansa.

Tsohon ya dubi Saje, ya dube ni. "Kayan wa?"

Ni aka bari da bayanin, kamar kullum. Na yi masa sau ɗaya, na sake yi. Bai yi gardama ba. Ya zauna a kan bencin a hankali, ya ɗora hannuwa a gwiwa, ya ce, "Ashe gudun gara na yi na faɗa gidan zago."

Ƙa'ida ce a buɗe kaya a gaban mai karɓa. Na jawo buhun gaban kanta, na sa reza na yanke salatif ɗin da ni na naɗa. Wani wari ya taso, mai ɗumi, ƙwari suka yi ta fitowa suna bin bakin buhun, suna hawa hannuna. Mai shagon ya leƙa, ya tsoma hannu ya ɗebo. Kowace ƙwaya da huda biyu uku, ya matsa sai ta zama gari.

"Wannan zan karɓa? Ni lafiyayyen wake aka ɗauka a shagona." Ya kakkaɓe hannu. "Ba na so. Ku riƙe abinku."

"In ba ka karɓa ba, ƙonawa za a yi," na ce. "Abin da mai shi ya ƙi, wuta ake sa masa."

"A ƙona mana. Tsohon nan ya sa an ja ni a gaban 'yan kasuwa kamar ɓarawo, har yau akwai waɗanda ba sa tsayawa a shagona. Yanzu kuma in sa hannu a fasa ƙonawa don ya ji daɗi?"

Ban ga laifinsa gaba ɗaya ba, shi ma an ɓata masa. Tsohon kuwa idonsa na kan ƙwarin da ke yawo a ƙasa. Saje ya fara lallaɓawa zai fita, wai ana kiransa.

Ban iya lallashi ba, aikin nan ya cinye min wannan tuntuni. Abin da na sani shi na gaya masa. Na ce kafin a ƙona sai an aika masa sanarwa, a jira, a sake aikawa, kuma ɗan sanda ne mai kaiwa, da kakinsa, har cikin shago. Na ce in yana son 'yan kasuwa su ci gaba da ganin Saje a ƙofarsa har kaka, ni ba ni da matsala, zama nake yi dama. In kuwa ya sa hannu yanzu, sunansa ya fita daga ɗakin nan, buhun kuma nasa ne, ko a kwata ya zubar ba ruwan hukuma.

Ya yi tsaki, ya fisgi biro ya sa hannu har takardar ta kusa yagewa. Ya ja buhun da hannu ɗaya zuwa tsakar ofis, ya sake shi a gindin katanga kusa da keken.

"Ga tsiyarka nan," ya ce wa tsohon, ya hau babur ya tafi.

Tsohon ya tashi ya bi buhun. Ya ce in ina da bokiti in ara masa, da ruwa. Na kawo masa bokitin share-share, na cika a famfo. Ya naɗe hannun wankakkiyar rigarsa, ya riƙa ɗibar waken da kwano yana zubawa. Wanda ƙwari suka cinye cikinsa sai ya taso sama, ya kwashe ya zubar, ya lalubi gindin bokitin. Sau da yawa hannunsa wayam yake fitowa. Wani lokaci ƙwaya ɗaya, wani lokaci uku. Ko cikin waɗanda suka nutse sai ya ɗaga ya duba, in ya ga huda ya ajiye gefe.

Na bar kantar a buɗe na tsuguna ina canza masa ruwa. Wasu 'yan sanda biyu suka tsaya kallo, ɗaya ya fara wasa, ya ga ba wanda ya yi dariya, suka wuce. Kaji daga gidan da ke bayan katanga suka shigo suna cin abin da aka zubar. Har la'asar muna abu ɗaya.

Da buhun ya ƙare, ya shimfiɗa hankicinsa a kan benci ya baza abin da ya tsira don ya sha iska. Bai cika tafin hannu biyu ba. Sai a lokacin na ga kalar waken sosai, ja mai ɗigon fari, yana sheƙi saboda ruwan. Duk watannin nan ina jansa a ƙasa ban taɓa ganinsa ba.

"Zai yi, Baba?"

"An makara. Amma mai sauri ne, in Allah ya ja damina zai kai." Ya jujjuya su da ɗan yatsa. "Sai dai ba a zuba iri duka a ƙasa. In tsuntsu ya tone, ko ruwa ya ɗauke, me za a koma wa?"

Ya sa gefen hannu ya raba waken biyu. Rabi ya ƙulle a hankici ya sa a aljihun ƙirji. Rabin ya tattara a tafinsa, ya miƙo min.

"Wannan ki ajiye min, 'yata. Ɗakina ba shi da ƙofar kirki, kin ga abin da ya faru. Nan kuwa na lura, abin da ya shiga hannunki ba mai taɓa shi."

Na dubi fuskarsa ko magana yake gaya min. Ba magana ba ce, har zuciyarsa yake faɗa, yabona yake yi. Wannan ya fi komai yi min ciwo. Na waiga na ga ƙofar ɗakina a buɗe, duhu a ciki tun rana ba ta faɗi ba, kekunan ɗinkin nan jere sun yi tsatsa.

Na kama hannunsa da nawa biyu, na rufe masa yatsunsa a kan waken.

"Baba, kada ka bar min. Ka shuka duka, gobe da sassafe. Ni ajiyewa kawai na iya, ba abin da ya taɓa fita daga hannuna da rai."

Sannan ya kwance hankicin, ya haɗa su wuri ɗaya, ya sake ƙullewa. Ya ninke buhun da ba komai a ciki, facin a sama, ya ɗaure shi a bayan keke da igiyar da ya kawo don ɗaukar kaya. Bai hau ba, turawa ya yi har ya fita ƙofa, hannu ɗaya a kan aljihun.